Matsayin Karatu da Zaman Gwaji a Jami'o'in Najeriya

Matsayin karatu shi ne hukuncin da jami'a ke yanke wa ɗalibi a ƙarshen shekarar karatu bisa sakamakon jarrabawarsa: ko dai ya ci gaba lafiya lau, ko a sa shi zaman gwaji, ko a sallame shi. A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'ida, sannan majalisar malaman kowace jami'a, wadda ake kira Sanet, ta ɗora nata dokokin a kai. An kafa NUC a 1962, ta samu cikakken iko bisa doka a 1974. Ta fitar da kundin ƙa'idojin karatu a 1989, ta sabunta shi a 2007, kuma a Disamba 2022 ta ƙaddamar da sabon kundi mai suna CCMAS, wanda ya bar wa jami'o'i kashi 30 cikin ɗari na manhaja su tsara da kansu.

Yadda ake lissafi

Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ake aunawa da yunit, galibi biyu ko uku. Makin kwas ɗari ne: 30 ko 40 daga gwaje-gwaje da aikin gida, sauran daga jarrabawar ƙarshen zango. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'i ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce mai daraja 4, daga 50 zuwa 59 C ce mai 3, daga 45 zuwa 49 D ce mai 2, daga 40 zuwa 44 kuma E mai 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, F, ba ta da ko ɗaya.

Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas. Wanda ya samu B a kwas mai yunit uku ya tara 12. Sai a haɗa duk abin da ɗalibi ya tara tun daga ranar da ya shiga jami'a, a raba da jimillar yunit ɗin da ya yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne CGPA, wanda ɗalibai ke ce wa "jifi". Da shi ake raba darajar digiri: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu ta sama, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ta ƙasa, 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Jami'o'in da har yanzu ke ba da digirin wucewa, wato na ƙasa da daraja ta uku, suna ba wanda ke tsakanin 1.00 da 1.49.

Zaman gwaji

Ɗalibin da jifinsa ya sauka ƙasa da iyakar da aka gindaya a ƙarshen shekara, shi ake sa wa zaman gwaji, galibi na shekarar karatu guda. Iyakar da aka daɗe ana amfani da ita 1.00 ce, amma jami'o'in da suka daina ba da digirin wucewa sun ɗaga ta zuwa 1.50. Zaman gwaji gargaɗi ne tare da dama. Ɗalibi yana nan a ajinsa, yana shiga lacca, sai dai dole ya fara yin rajistar kwasa-kwasan da ya faɗi, wato kariyoba, kafin ya ɗauki sababbi.

A nan lissafi ke matse shi. Ɗauki ɗalibin da ya yi rajistar yunit 36 a shekarar farko ya tara 30 kacal. Jifinsa 0.83. Idan iyakar jami'arsa 1.50 ce, kuma ya sake ɗaukar yunit 36, yana bukatar jimilla 108, wato sai ya samo 78 a shekara ta biyu ita kaɗai, fiye da ninki biyu na abin da ya samu a baya. Ga shi kuma a yawancin jami'o'i F ɗin da aka samu ba ta gogewa ko da an sake kwas ɗin an ci, tana nan cikin lissafi har a gama. Sannan ba a barin ɗalibi ya wuce yunit 24 a zango ɗaya, don haka kowace kariyoba tana cinye gurbin wani sabon kwas, shi kuma a tura shi gaba. Ta haka ake samun masu ƙarin shekara, waɗanda ake ce wa 'yan sifiloba. Shekarar farko ita ce ran gini, ran zane, kuma abin takaici ita ce shekarar da ɗalibi bai gama gane tsarin ba, yana fama da neman masauki da sabon gari, wani ma kwas ɗin da aka ba shi ba shi ya nema a JAMB ba.

Sallama

Idan wa'adin gwaji ya cika jifi bai tashi ba, sai a nemi ɗalibi ya janye. Ƙa'idar NUC ta ba da shawarar a fara duba yiwuwar mayar da shi wani sashe a cikin jami'ar kafin a sallame shi gaba ɗaya, kuma wannan shawara ce mai kyau, domin wanda lissafi ya kayar a injiniyanci yana iya tashi a wani fanni. Akwai kuma sallama saboda cikar wa'adi: galibi ba a yarda ɗalibi ya wuce rabin tsawon digirinsa a ƙari ba, wato mai digirin shekara huɗu yana da shekara shida. Da shekarun karatu ake ƙirga wannan, shi ya sa yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 bai ci wa'adin kowa ba. Sallamar rashin ƙoƙari daban take da kora ko dakatarwa saboda satar jarrabawa, wadda ke bi ta kwamitin ladabtarwa.

Rangwame da keɓancewa

Digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit 120. Keɓancewa mafi shahara ita ce ta masu shiga kai tsaye da takardar NCE ko difloma ko IJMB ta share fagen shiga jami'a, waɗanda ke farawa daga aji biyu, a nemi aƙalla yunit 90 daga gare su.

Sauran rangwamen duk sai an roƙa a rubuce. Wanda rashin lafiya, haihuwa, ko rashin kuɗin rajista ya tare zai iya neman a jingine masa zango ko shekara, ya dawo ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Takardar takan bi ta hannun kodinetan aji zuwa shugaban sashe, zuwa hukumar tsangaya, sannan Sanet ta amince, kuma idan ciwo ne sai asibitin jami'a ya tabbatar da shaidar likita. Wanda ya tafi gida ya yi jinya shiru, ya dawo bayan an fitar da sakamako, yakan tarar da F jere a gaban sunansa, gyaransu kuwa yana da wuya ƙwarai. Ya kamata sassa su riƙa bayyana wannan tun makon farko, don dokar tana cikin littafin ɗalibai amma kaɗan ne ke buɗe shi kafin matsala ta faɗo.

Ɗan ajin ƙarshe yana iya neman izinin ɗaukar 'yan yunit sama da iyaka don ya kauce wa ƙarin shekara. Dokokin jami'o'i da dama sun kuma tanadi digirin jinya, wanda ba shi da daraja a jikinsa, ga wanda ya kusa kammalawa ciwo mai tsanani ya hana shi zama jarrabawar ƙarshe. Amma kwasa-kwasan tilas na fanni, da na gama-gari na GST, da furojet, wato binciken ajin ƙarshe, da horon masana'antu na SIWES ga sassan da ke yinsa, da wuya a yafe su. Haka sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a shiga jarrabawa.

Likitanci yana da nasa tsari. Bayan shekarar farko ana bin jarrabawar ƙwarewa mataki-mataki, makin wucewa 50 ne, wanda ya faɗi ya sake zama ko ya maimaita aji, kuma digirin MBBS ba a raba shi daraja-daraja. 

Jinkiri yana shafar hidimar ƙasa. Hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala digiri, sai dai ta ba shi takardar keɓewa, kuma ranar da Sanet ta amince da sakamakonsa na ƙarshe ita ake dubawa.