Wa ke riƙe da akalar Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya? Tambayoyi da amsoshi

Yawancinmu ba ma jin sunan NMA, wato Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, sai ranar da aka ce likitoci sun tsunduma yajin aiki. Sai a ga shugabanta a talabijin yana bayani, a ɗauka shi ne wuƙa shi ne nama. Wanda ya san yadda ake tafiyar da ƙungiyar daga ciki ya san abin ba haka yake ba.

Shin ƙungiyar ta gwamnati ce?

A'a, ta likitoci ce, su suka kafa abarsu, kuma ba don neman riba ba. Ta faro ne a 1951 a matsayin reshen ƙungiyar likitocin Birtaniya, da ƙasa ta samu 'yancin kai ita ma ta tsaya da ƙafarta. Mutane da yawa kan haɗa ta da MDCN, alhali ba ɗaya ba ne. MDCN hukuma ce da doka ta kafa, ita ke yi wa likita rajista, ta ba shi lasisi, ta kuma ladabtar da shi idan ya yi sakaci, domin tana da kwamitin bincike da kotunta ta ladabtarwa. Wanda ke da ƙorafi a kan likita, can zai kai kukansa. Ita NMA muryar likitoci ce, ba alƙaliyarsu ba.

To, wa ke yanke shawara a cikinta?

Ƙungiyar na da reshe a kowace jiha daga cikin 36 da kuma Abuja, kowane reshe da shugabanninsa. Sau ɗaya a shekara rassan kan turo wakilai zuwa babban taro, kuma wannan zama na wakilai shi ne ke da iko na ƙoli: shi ke zaɓen shugabanni, shi ke gyara tsarin mulki, gabansa ake karanta lissafin kuɗi. Tsakanin taro da taro akwai majalisar zartarwa ta ƙasa, wadda shugabannin jihohi ke ciki. Aikin yau da kullum kuwa yana hannun zaɓaɓɓun jami'ai, wato shugaba da mataimakansa da babban sakatare da ma'aji da sauransu. Wa'adinsu shekara biyu ne. A taron Kalaba na 2024 aka zaɓi Farfesa Bala Audu ya gaji Dokta Uche Ojinmah.

Ina ganin gajeren wa'adin yana da amfani, don yana hana mutum mai da kujera gadon gidansu. Sai dai da nasa cikas: kafin sabon shugaba ya gama sanin ƙofofin ma'aikatar lafiya da ta ƙwadago, an fara shirin zaɓen wani, yarjejeniyar da ya ƙulla kuma ta zama ta magaji ya bi sawu.

Shugaba zai iya janye yajin aiki shi kaɗai?

Abin da ya faru a 2014 ya isa amsa. Ƙungiyar ta shiga yajin aiki ranar 1 ga Yuli. Ana cikin haka cutar Ebola ta shigo Legas, hankalin jama'a ya tashi, aka yi ta roƙon likitoci su koma bakin aiki. A farkon Agusta shugaban ƙungiyar ya sanar da dakatar da yajin, amma da yawa daga cikin wakilai suka ce ba da yawunsu ba, yajin ya ci gaba. Gwamnatin Jonathan ta dakatar da shirin horar da likitoci masu neman ƙwarewa, ta sallame su. Sai a ƙarshen Agusta, bayan wakilai sun sake zama, aka janye. Marasa lafiya sun sha wuya a waɗannan makonni, ba abin da za a ɓoye a nan. Amma lamarin ya nuna cewa shugaban irin wannan ƙungiya ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya sauya saƙo a hanya. Idan yana ganin a janye, aikinsa ya shawo kan wakilai tukuna, kafin ya fuskanci 'yan jarida.

Daga ina kuɗi ke fitowa?

Daga aljihun mambobi. Akwai kuɗin ƙungiya da ake biya a rassa, sannan dokar likitoci ta tanadi a ba NMA kashi 70 cikin ɗari na kuɗin sabunta lasisi da MDCN ke karɓa duk shekara. Ke nan har likitan da bai taɓa taka ƙafa a taron reshe ba yana da kuɗinsa a asusun. Shi ya sa nake ganin rahoton masu binciken kuɗi ba takardar da za a karanta a gurguje ana shirin tashi ba ce. Haka kuma tallafin da kamfanonin magunguna kan bayar a lokacin taruka ya kamata a bayyana shi a fili: wa ya bayar, nawa ne, don me. Ƙungiyar da ke faɗa wa gwamnati gaskiya a kan kasafin lafiya dole littafinta ya kasance a buɗe.

NARD fa, reshenta ce?

NARD, wato ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, tana ƙarƙashin inuwar NMA, amma da nata shugabanni da nata tsarin mulki. Haka ƙungiyar manyan likitoci MDCAN, da ta mata likitoci, da ta masu asibitoci masu zaman kansu. Yajin aikin da ya ɗauki wajen wata biyu a 2021, na NARD ne.

Ƙungiyar na kare likita ne ko majiyyaci?

Nan ne nauyin shugabanci yake. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari ta haramta NMA da NARD bayan yajin aikin da ƙorafinsa ya haɗa da rashin magani da kayan aiki a asibitoci, aka tsare wasu jagorori, ciki har da Dokta Beko Ransome-Kuti. Waɗannan sun nemi haƙƙinsu, sun kuma yi magana da bakin talakan da ke kwance a gadon asibiti. A yau matsalar albashi da ficewar matasan likitoci zuwa Ingila da Saudiyya ta mamaye zaman wakilai, kuma da dalili. Amma ƙauyen da ba likita ko ɗaya ba shi da wakili a zauren, sai in likitan da ya taɓa aiki a can ya miƙe ya yi magana a madadinsa.