Fizgar Da Ta Faro Daga Maƙogwaro

Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisun Jos kan yaran da hannu da fuska ke fizgar musu ba da son ransu ba. Wasu na cewa iska ce, a kai wa malam. Wasu kuma na cewa sabuwar cuta ce da zamani ya kawo.

Ai ta daɗe. Likitan Ingila Thomas Sydenham ya bayyana ta tun 1686, daga baya likitoci suka lura tana tafiya da zazzaɓin nan mai kama gaɓoɓi yana lalata zuciya.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne 1956, lokacin da likitoci Angelo Taranta da Gene Stollerman a Amurka suka nuna cewa fizgar na biyo bayan ciwon maƙogwaron da ƙwayar cutar sitiref ke haddasawa, amma sai an yi watanni. Wannan tazarar ce ke ɓatar da sawu. Yaro ya yi ciwon wuya da hunturu, a sayo masa magani a kemis, a daina ba shi da zarar ya fara haɗiye tuwo. Sai damina ta kama hannu ya fara rawa. Wa zai tuna da ciwon wuyan? Ashe garkuwar jikin da ta tashi yaƙar ƙwayar ce ta yi ɓatan kai, ta afka wa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi. A 1976 aka gano sinadaran garkuwar da ke wannan aika-aika a jinin yaran.

Na gani a kan 'yar maƙwabciyata a Anguwar Rogo, shekararta tara. Cokali ya dinga suɓuce mata, rubutunta ya koma kamar tafiyar kaza, har ta sha bulala wai ba ta da natsuwa. In ta yi barci kuwa, shiru. Likita ya miƙa mata yatsu biyu ya ce, "Riƙe gam, 'yata." Tana matsewa tana saki kamar mai tatsar nono. Bai tambayi aljani ba, ya tambayi ɗaki, don a cunkoso ƙwayar ta fi yaɗuwa: mutum nawa ke kwana a ciki, kuma yaushe rabonta da ciwon wuya?

Fizgar ta lafa bayan 'yan watanni. Allurar fenisilin ta wata-wata kuwa tana nan ana yi mata, don kada zuciyar ta taɓu.