Yadda NFL take yi wa 'yan wasan jami'a kuɗi: tambayoyi da amsoshi

Kowane ƙarshen Afrilu, ƙungiyoyi 32 na gasar zari-rugar Amurka, wato NFL, sukan zauna kwana uku su raba samarin da suka fito daga jami'o'i. Gardama takan fara tun watanni kafin ranar, ba ta kuma mutuwa bayanta: wa ya cancanci zama na farko, wa aka raina, wace ƙungiya ce ta tafka asara. Ga tambayoyin da wanda ya saba da ƙwallon Turai yakan yi idan ya leƙa wannan kasuwa.

Me ya sa ake zaɓe, ba a saye kamar yadda Real Madrid ko Chelsea suke yi?

Ƙungiyoyin NFL ba su da makarantun renon yara. Jami'o'i irin su Alabama, Georgia, Michigan da Ohio State su ne suke reno, yaro kuma ba ya shiga zaɓen sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ce take fara ɗauka, wadda ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, ta zo ƙarshe. Zagaye bakwai ake yi, ana ɗaukar mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Ɗan wasa ba shi da ta cewa a kan inda zai je, sai fa irin su Eli Manning da ya ƙi San Diego a 2004 har aka musanya shi zuwa New York Giants.

Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, shi ya kawo shawarar, don masu kuɗi suna kwashe gwanaye suna barinsa da ragowa. An fara a 1936, kuma wanda aka fara ɗauka a tarihi, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NFL ba, don ba a daidaita kan albashi ba.

Abin da ya mai da zaɓen kasuwa shi ne ana cinikin gurabe. Ƙungiya za ta iya ba da gurbinta na bana da na baɗi don ta matsa gaba a layi. Da zarar gurbi ya yi farashi, yaron da za a ɗauka da shi ma ya yi.

Ba wanda ya fi kowa iya wasa a jami'a ake fara ɗauka ba?

A'a, kuma nan ne magoya bayan jami'o'i suka fi jin haushi. Kyautar Heisman ita ce ta gwarzon shekara a wasan jami'a. Charlie Ward na Florida State ya ci ta a 1993, babu ƙungiyar da ta ɗauke shi, ya tafi ƙwallon kwando a New York Knicks. Jason White na Oklahoma ya ci ta a 2003, shi ma aka tsallake shi, galibi saboda gwiwoyinsa sun sha tiyata.

A ɗaya gefen kuma ga Ezekiel Ansah, ɗan Ghana haifaffen Accra. Sai a 2010 ya fara wannan wasa a Jami'ar Brigham Young, abin da ya yi a fili bai taka kara ya karya ba, amma Detroit Lions ta ɗauke shi na biyar a 2013 saboda tsawo da ƙarfi da gudu. Kafin shi an yi Christian Okoye ɗan Enugu, wanda jifan faifai ya kai shi Amurka, Kansas City ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 1987, ya kuma fi kowa yawan yadin gudu da ƙwallo a kakar 1989.

Dalili shi ne ƙungiya ba lada take biya kan abin da aka yi jiya ba, gobe take saye. Manyan jami'o'in da suke buga wasan sun haura 130, ƙarfinsu kuma ba ɗaya ba ne. Yaro zai iya tara alƙaluma a kan abokan karawar da ba za su taɓa jin ƙanshin NFL ba. Wani kuma tsarin kocinsa ne ya ɓoye masa rauninsa. Masu leƙen 'yan wasa sukan tambayi kansu: abin nan da yake yi, zai iya yin sa a gaban ƙarti masu kilo 140 da suke gudu kamarsa?

To gwajin da ake yi a Indianapolis fa, yana da amfani?

Yana da shi, amma ba ɓangaren da ake nunawa a talabijin ba. Kowace shekara wajen ƙarshen Fabrairu akan gayyaci samari sama da 300 a auna su: gudun yadi 40, ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, tsalle, tsawon hannu, har faɗin tafi. A 2022 an yi makonni ana cece-kuce kan tafin Kenny Pickett mai inci takwas da rabi, wai ƙwallo za ta riƙa suɓuce masa a lokacin sanyi.

John Ross ya yi yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, ya kafa tarihi, Cincinnati ta ɗauke shi na tara. Rauni ya hana shi sakat, bai zama komai ba. Tom Brady kuwa, wanda daga baya ya ci Super Bowl bakwai, 5.28 ya yi a 2000, gudun da ake sa bidiyonsa don dariya har yau. Abin da ƙungiyoyi suka fi zuwa nema shi ne binciken likitoci da hirar sirri da yaron. Agogo yana gaya maka wanda ba zai iya ba, ba ya gaya maka wanda zai iya.

Me ya sa kullum kwatabak ake rububi, ko da akwai wanda ya fi shi ƙwarewa a wani matsayi?

Kwatabak shi ne mai jifa, shi yake karɓar ƙwallo a kusan kowane hari, shi yake yanke shawarar inda za ta. Ƙungiyar da ba ta da nagari da wuya ta kai ko'ina, nagarin kuma ba su kai 32 ba a duniya. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga farashi. Amma akwai lissafin kuɗi a ƙarƙashi.

Kafin 2011, sabon yaro yakan yi ciniki yadda ya ga dama. Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell na farko a 2007 da kwantiragin kusan dala miliyan 61, ta sallame shi bayan kaka uku. Sam Bradford ya samu tabbacin dala miliyan 50 a 2010 tun bai taɓa ƙwallo ba. Yarjejeniyar 2011 ta ƙayyade albashin sababbi gwargwadon gurbin da aka ɗauke su: shekara huɗu, da zaɓin ƙarin ta biyar ga 'yan zagayen farko. Cam Newton, na farko a wannan shekara, dala miliyan 22 ya samu.

Yanzu a haɗa wannan da iyakar albashi da kowace ƙungiya ba ta isa ta wuce ba, wadda ta kai dala miliyan 279 a 2025. Gogaggen kwatabak na sahun gaba yana cin sama da miliyan 50 a shekara. Caleb Williams, na farko a 2024, ƙasa da miliyan 10 yake ci. Idan yaron ya yi kyau, ƙungiya ta samu rarar miliyan 40 a shekara ta sayi masu tsaro da masu cafe ƙwallo. Mai ruga da ƙwallo kuwa, ko gogagge ne albashinsa bai da yawa, saboda haka ɗaukarsa a sahun gaba ba ya kawo rara. Ga shi jikinsa yana saurin lalacewa, ana kuma samun madadinsa a zagaye na huɗu. A 2013 da 2014 babu ko ɗaya da aka ɗauka a zagayen farko.

Saquon Barkley, mai ruga da ƙwallo, shi ne hujjar ɓangarorin biyu. Giants ta ɗauke shi na biyu a 2018, ya yi bajinta, ƙungiyar ba ta je ko'ina ba. Da ya koma Philadelphia, inda ya tarar da layin gaba mai ƙarfi, ya yi gudun yadi 2,005 a kakar 2024 suka ci Super Bowl. Masu cewa Giants ta yi kuskure ba wai sun ce bai iya ba ne. Cewa suke yi ƙungiyar da ba ta da tushe ba ta fara sayen ado.

Ta yaya ake sanin kuɗin gurbi idan za a yi musanya?

A farkon shekarun 1990, zamanin koci Jimmy Johnson a Dallas Cowboys, wani mai hannun jari a ƙungiyar, Mike McCoy, ya duba musanyar da aka yi a baya ya tsara jadawali. Gurbi na farko maki 3,000, na 16 maki 1,000, na 32 maki 590. Mataimakan koci suka yi ta sauya ƙungiya da takardar a aljihu har ta zama ma'aunin kowa. Sai dai jadawalin abin da ake biya ya nuna, ba abin da ya kamata a biya ba.

Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin lamarin a binciken da suka fara fitarwa a 2005. Sun gano cewa idan aka ɗauki 'yan wasa biyu masu matsayi ɗaya a jere, damar na farko ya fi na biyu kusan kashi 52 ce cikin ɗari, wato da kaɗan ta fi jefa kwabo sama. Sun kuma gano cewa idan aka cire albashi daga abin da ɗan wasa ya samar, ribar ta fi yawa a ƙarshen zagayen farko da farkon na biyu, ba a can sama ba. Ƙayyade albashi na 2011 ya rage wa sakamakon kaifi, amma jigonsa yana nan: ƙungiyoyi sun fi yarda da idonsu fiye da yadda idon ya cancanta.

Misalai ba su da wuyar samu. A 1999 Mike Ditka, kocin New Orleans Saints, ya ba Washington duk guraben ƙungiyarsa na shekarar, ya ƙara da biyu na shekara mai zuwa, don mutum ɗaya, Ricky Williams. Wasa uku kacal suka ci a kakar, aka kori Ditka. A 2023 Carolina ta ba Chicago tarin gurabe da ɗan wasa D.J. Moore don ta ɗauki Bryce Young, ta ƙare a ƙarshen tebur, gurbinta na 2024 ya zama na farko, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi. A ganina, duk mai ba da gurabe uku don ɗaya cinikin biri a sama yake yi. Sai dai masu yi suna da sunan da suke fakewa da shi: Kansas City ta haura daga na 27 zuwa na 10 a 2017 ta ɗauki Patrick Mahomes, ya zama tauraron kwatabak, kuma babu wanda yake tuna abin da ta biya.

Tunda Brady na 199 aka ɗauke shi a zaɓe, ashe masu leƙen ba su san komai ba?

Wannan ya yi yawa. Brady, wanda aka ɗauki kwatabak shida kafinsa, ya ci Super Bowl bakwai. Kwatabak Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe ƙat a 2022, ya kai San Francisco wasan ƙarshe, alhali Trey Lance da ƙungiyar ta kashe guraben zagayen farko uku a kansa wasa huɗu kawai ya fara mata. Amma ana tuna waɗannan ne saboda ba su da yawa. Yawancin 'yan zagaye na shida da na bakwai ba sa daɗewa a gasar, taurari kuma sun fi fitowa daga zagayen farko. Masu leƙe sun iya raba 'yan sama da 'yan ƙasa. Abin da ba su iya ba shi ne raba na uku da na takwas.

Akwai kuma abin da ake mantawa: inda yaro ya faɗa. David Carr, na farko a 2002, ya je sabuwar ƙungiya Houston Texans da ba ta da masu kare shi, aka kayar da shi sau 76 a kakarsa ta farko. Mahomes kuwa shekara guda ya yi a benci yana koyo a hannun koci Andy Reid. Sam Darnold, da aka ce ya lalace a New York Jets, ya ci wasa 14 da Minnesota a 2024. Tsarin da kansa yana kai yaro mafi daraja gidan da ya fi lalacewa, sannan a ɗora masa laifi.

Akwai son zuciya a wannan kimantawa?

Akwai, kuma tsoho ne. Shekaru da dama ana matsa wa baƙaƙen fata masu buga kwatabak su sauya matsayi. Warren Moon ba a ɗauke shi ba a 1978, sai da ya je Kanada ya ci kofi biyar a jere da Edmonton kafin NFL ta waiwaye shi. Shekara 40 bayan haka, Bill Polian, tsohon shugaban Indianapolis Colts, ya ce Lamar Jackson ya koma mai cafe ƙwallo. Jackson ya ƙi, Baltimore ta ɗauke shi na 32 a 2018, ya zama gwarzon NFL a 2019 da 2023.

Batun Shedeur Sanders a 2025 ya fi rikitarwa. Masu sharhi da yawa sun sa shi a zagayen farko, sai ga shi na 144, a zagaye na biyar, a Cleveland. Wasu suka ce hukunta shi aka yi kan izza da sunan mahaifinsa Deion Sanders, tsohon tauraron NFL, wasu suka ce yana daɗewa da ƙwallo a hannu. Abin da ya bayyana dai shi ne jerin masu sharhin talabijin daban yake da na ƙungiyoyi, kuma "faɗuwar" ɗan wasa sau da yawa kuskuren masu sharhin ne.

Yanzu da ake biyan 'yan jami'a kuɗi, lissafin ya sauya?

Ya sauya, musamman a ƙasan jeri. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a yana da damar cin kuɗin talla da sunansa, daga 2025 kuma jami'a za ta iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a jimlace a shekarar farko. Yaron da a da zai yi gaggawar fita don a ɗauke shi a zagaye na biyar, yanzu zai iya samun fiye da haka idan ya zauna. Sauya jami'a ma ya yi sauƙi. Cam Ward ya fara a ƙaramar jami'ar Incarnate Word, ya koma Washington State, ya shelanta shiga zaɓen 2024 sannan ya fasa ya tafi Miami. Shekara guda bayan haka Tennessee Titans ta ɗauke shi na farko.