Ɗaukaka ƙara kan hukuncin fashi a Amurka: raunin shaida da rabuwar kan masu taimaka wa alƙali

Su wane ne ke yanke hukunci a shari'ar fashi a can?

A Amurka, mutanen gari ne, galibi su 12, ake zaɓowa su saurari shaidu, sannan su keɓe su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin (su ake kira masu taimaka wa alƙali), saɓanin kotunan Najeriya inda alƙali ne kaɗai ke wannan aiki. Tun daga hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Ramos da jihar Louisiana a 2020, dole bakinsu ya zo ɗaya kafin a kama mutum da babban laifi, alhali a da jihohin Louisiana da Oregon kan amince da ƙuri'a 10 cikin 12.

Idan shaidar da aka gabatar ba ta da ƙarfi, kotun ɗaukaka ƙara za ta sake auna ta?

Ba za ta sake ba. Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Jackson da jihar Virginia a 1979 shi ne a dubi shaidar ta fuskar da ta fi amfanar masu gabatar da ƙara, sannan a tambaya ko akwai mai hankalin da zai iya gamsuwa, ba tare da shakka mai tushe ba, cewa an tabbatar da kowane rukuni na laifin. Saboda haka idan mai shago ya nuna mutum a kotu ya ce shi ne ya ɗora masa bindiga, da wuya a rushe hukuncin don kawai wurin akwai duhu ko maganarsa ta ɗan sauya, tunda gaskata shaida aikin waɗanda suka gan shi da idonsu ne. Inda lauya ya fi samun kafa shi ne idan wani rukuni babu hujja a kansa sam, misali ba a nuna an yi amfani da ƙarfi ko barazana ba, wanda shi ne ya raba fashi da sata.

Me ke faruwa idan kan masu taimaka wa alƙali ya rabu?

Alƙali na iya soke zaman a sake shari'ar da sababbin mutane, abin da aka halatta tun shari'ar Perez ta 1824. Yana kuma iya mayar da su ɗaki da nasihar su sake sauraron juna, wadda ta samo asali daga shari'ar Allen ta 1896. Nasihar na da haɗari, domin wanda ya tsaya shi kaɗai a kan ra'ayinsa shi ne zai ji kamar da shi ake, kuma kotun ƙolin California ta haramta salonta na asali a 1977.

Shari'ar Jenkins ta 1965 ta fashi ce, kuma ta nuna iyakar abin. Bayan tattaunawar sa'o'i biyu da ɗan wani abu, masu taimaka wa alƙalin sun aika da takarda cewa sun kasa cimma matsaya saboda ƙarancin shaida, sai alƙalin ya ce musu dole ne su yanke hukunci. Suka koma suka kama mutumin da laifi, Kotun Ƙoli kuma ta rushe hukuncin bisa cewa tursasawa ce. Tun 1926 ma, a shari'ar Brasfield, an hana alƙalin kotun tarayya tambayarsu yadda ƙuri'unsu suka kasu.

Wace hujja ce ta fi amfani ga mai ɗaukaka ƙara?

Sakamakon hujjar raunin shaida da na hujjar tursasawa ya bambanta ƙwarai. A shari'ar Burks ta 1978, wadda ta shafi fashin banki a Tennessee, Kotun Ƙoli ta ce idan aka rushe hukunci saboda shaida ba ta isa ba, ba za a sake gurfanar da mutumin a kan laifin ba. Wanda ya yi nasara da hujjar tursasawa kuwa, sabuwar shari'a kawai ya samu, kuma masu gabatar da ƙara za su dawo sun san inda suka yi rauni a karon farko. Shi ya sa lauyoyi kan haɗa hujjojin biyu, amma sai lauyan ya nuna rashin amincewarsa da nasihar tun a gaban alƙalin farko, in ba haka ba sauraron koken zai yi wuya. A kotunan tarayya, kwana 14 ne wa'adin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara bayan an rubuta hukunci.