Edamame: waken suya tun yana kore shar

Masu kallon bidiyon girki a intanet sun sha cin karo da kalmar edamame. Sunan ne kawai baƙo. Waken suya ne, wannan dai da ake yin awara da shi, sai dai an tsinke shi tun yana kore, ƙwayar ta cika kwanso amma ba ta bushe ba.

Kalmar Japananci ce: "eda" reshe, "mame" wake. Waken reshe ke nan, domin a zamanin Edo, wani tsohon zamani a tarihin Japan, da reshensa ake dafa shi a kai talla, mai saye ya riƙe yana tsinka yana ci yana tafiya. Sunan ma ya girmi wannan zamani, don ya fito a wata wasiƙar godiya da Nichiren, malamin addinin Buddha, ya rubuta a 1275. Mutanen Sin kuwa maodou suke ce masa, wato wake mai gashi, saboda ɗan gashin da ke jikin kwanson.

Wannan gashin ne ma ake fara yi wa dabara. Ana datse bakin kwanson da almakashi don gishiri ya samu hanyar shiga, sai a barbaɗa gishiri a murza da hannu har gashin ya kakkaɓe. Ba a wankewa, haka ake juye shi cikin tafasasshen ruwa. Ma'aunin da Japanawa suka fi bi shi ne giram 40 na gishiri a lita ɗaya, har da wanda aka murza da shi. Minti huɗu zuwa biyar ya isa. A nan ake yawan ɓata shi, kuma abin na ba ni takaici: a bar shi a wuta kamar waken wake da shinkafa, koren ya dushe, ɗan zaƙin nan ya tsere cikin ruwa. Ana so in an tauna a ji shi da ɗan ƙarfi. Ɗanye kam ba a cin sa.

In an tsame sai a baza a kwando a yi masa fifita. Kada a kwara masa ruwan sanyi, zai wanke gishirin ya bar shi salam.

Ba a cin kwanson. Ana kai shi baki ne a matsa da yatsa, ƙwaya biyu ko uku su faɗo kan harshe, gishirin jikinsa ya biyo leɓe, sai a jefa ɓawon a wani kwano. Wanda ya saba da dafaffiyar gyaɗa ba sai an koya masa ba. A Japan abin taɓawa ne na lokacin zafi, kafin abinci ya iso. A birnin Sendai na Japan kuma daka ƙwayar suke yi da sukari, su shafa a kan mochi, curin shinkafa mai danƙo, suna kiran sa zunda.