Matsattsen Katako Mai Ƙaro a Mazaunin Garmaho

Matsattsen katako mai ƙaro katako ne da ake haɗawa a masana'anta. Ana fere itace falle-falle, a tsoma shi a ƙaron sinadari har ya ratsa shi, sannan a jera fallayen a danne su da zafi da nauyi mai yawa har su koma dunƙule ɗaya. Abin da ke fitowa ya ninka itacen asali nauyi, kuma in aka jefa shi a ruwa nutsewa yake yi. Masu ƙera kayan sauti na gida suna yin mazaunin garmaho da shi, wato allon nan mai kauri da ke ɗauke da inji da faranti da hannun allura.

Asalinsa da yadda ake yin sa

Ƙaron da ake nufi ba irin na dakwara ba ne da ake tsinta a dazukan arewacin Jigawa. Namu ruwa yana narkar da shi. Wannan kuwa haɗi ne na sinadaran finol da fomaldihaid, dangin wanda Leo Baekeland ya samar a Amurka a 1907 ya kira shi Bakelite. Da zarar zafi ya dafa shi ya sandare, ba ya sake narkewa.

An yi aiki sosai a kan wannan katako a shekarun 1930 da 1940, a Jamus da Ingila da kuma cibiyar binciken kayan daji da ke Madison a Amurka, inda aka sa masa suna Compreg. Da shi aka yi farfelar wasu jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu. A yau sunan da ya fi yawo a bakin masu garmaho shi ne Panzerholz, na kamfanin Delignit da ke Blomberg a Jamus, kuma ma'anar sunan ita ce katakon sulke, don ana yin ƙofofin da harsashi ba ya hudawa da shi. Akwai kuma Permali da Lignostone. Galibi da itacen bic na Turai ake yi. Shi wannan itace nauyinsa wajen giram 0.7 ne a kowane santimita murabba'i mai zurfin santimita ɗaya, amma bayan matsa yakan kai 1.3 zuwa 1.4. Allo mai tsawon santimita 45, faɗin 35, kaurin 5 zai yi kusan kilo 11, alhali na filawud mai wannan girma bai wuce kilo 5 da rabi ba.

Abin da ake nema a mazauni

Duk wanda ya taso a gidan da ake ɗora faifan Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos ya san yadda allura ke bin layin faifai. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙanƙantar motsin. Lanƙwashe-lanƙwashen da ke cikin layin sun fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, allurar tana danna faifan da nauyin giram 2 ko kusa da haka, kuma wutar da kan allura ke fitarwa 'yan milibolt ne kawai, sai amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi ninki ɗaruruwa. Allura ba ta san bambancin kiɗa da wata girgiza ba. Duk abin da ya motsa ta, shi za ta kai wa sifika.

Girgizar kuwa ta ko'ina take zuwa. Injin da ke juya faranti yana da tasa, boris ɗin da farantin ke kai yana da tasa, takun ƙafa yana hawowa ta tebur, sautin sifika ma yana dawowa ya daki garmahon. Ƙari a kan haka, tun daga tsarin RIAA na 1954, wato ƙa'idar yanka faifai ta ƙungiyar kamfanonin faifai na Amurka, ana rage sauti mai kauri lokacin yanka faifai, a mayar da shi lokacin kunnawa, don haka ƙugin inji, wanda shi ma mai kauri ne, ana ƙara masa ƙarfi tare da kiɗan.

A nan misalin cikin gida ya fi kowane bayani. Ƙwanƙwasa ƙwarya da aka kife, za ta amsa da amo mai ja, shi ya sa mata ke kiɗa da ita a biki. Ƙwanƙwasa gefen turmin kirya, sai ka ji "dim" ɗaya, shi ke nan. Mai sassaƙa kalangu ko kuntigi amo yake nema. Mai yin mazaunin garmaho akasin haka yake nema: abin da za a daka ya yi shiru nan take. Ƙarfe yana da tauri amma yana ƙara kamar kwano. Roba tana shanye girgiza amma ba ta riƙe hannun allura da faranti a tsaye wuri ɗaya. Matsattsen katako ya haɗa biyun daidai gwargwado. Fallayensa an giciye su, wannan a tsaye wancan a kwance, ƙaro ya cike ramukan itacen, sai girgizar da ta shiga ta riƙa gogayya tsakanin zaren itace da ƙaro har ta mutu ta zama ɗan zafin da ba a ji.

Inda aka fi amfani da shi

Tsofaffin injuna ne suka fi cin moriyarsa. Garrard 301 na Ingila da ya fito a 1954, da ƙanensa 401, da Thorens TD 124 na Suwizalan na 1957, duk suna da inji mai ƙarfi da ke tura faranti ta hanyar ƙaramar tayar roba. Akan sayar da su tsirara, mai saye ya nemi kafinta ya yi musu gida, kuma sau da yawa akwati mai rami a ciki ake yi, wanda ke ƙara ƙugin maimakon ya kashe shi. Da aka koma ɗora su a kan dunƙulallen allo mai nauyi, sai aka gane yawancin laifin na akwatin ne. Haka ake yi wa Technics SP-10 na Japan. Cikin sababbi kuwa, kamfanin Clearaudio na Erlangen a Jamus yana sa Panzerholz tsakanin fallayen alminiyom biyu a wasu garmahonsa.

Ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. Kamfanin Rega na Ingila yana ganin nauyi ajiye girgiza yake yi ya sake ta daga baya, don haka mazauninsa marar nauyi ne mai tauri. Kamfanin Linn kuma ya rataye faranti da hannun allura a kan sifirin. Kowace hanya tana da garmahon da ta dace da shi, kuma wanda aka ƙera a kan sifirin ba a ɗora masa allo mai kilo 11.

A ƙauyukan Kano da Jigawa

Akwai wata fa'ida da ta fi shafar mu fiye da Turawan da suka ƙera shi. Katako a ƙasar nan yana shan wuya: damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi har ya tsage. Ƙofar da ke cijewa a watan Agusta ita ce ke barin iska ta shigo a Janairu. In mazauni ya karkace ko da kaɗan, tazarar da ke tsakanin hannun allura da tsakiyar faranti ta sauya, allura ta riƙa cin gefe ɗaya na layi, faifan da ba za a sake samun irinsa ba ya lalace. Matsattsen katako ba ya motsi sosai da sauyin yanayi, ko da yake gefunan da aka yanka suna bukatar a shafe su da fenti ko mai.

Sai dai ba kayan da ake jibgewa a 'Yan Katako na Na'ibawa ba ne. Odarsa ake yi daga waje, ga tsada ga kuɗin dako. Aikinsa ma ba na kowane kafinta ba ne. Ƙusa ba ta shigarsa, yana dakushe zarto da sauri sai mai haƙoran kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, ana huda shi a yi masa zare kamar ƙarfe, kuma ƙurarsa tana da illa in an shaƙe ta, dole a sa takunkumi.

Wanda ya gaji garmaho a Ringim ko Dawakin Tofa yana iya kusantar wannan sakamako da abin da ke hannu. Kafinta ya yanka filawud mai kyau falle biyar ko shida, ya manne su da gam a giciye, ya danne su kwana biyu, ya fafe ramin inji daidai jikinsa ba tare da barin fili ba. Kirya da maɗaci suna da nauyi, amma sai sun bushe sarai, kuma gara a yanka su sanda-sanda a manne da a yi amfani da guntu ɗaya mai faɗi. Bayan haka a nisanta garmahon da sifika, kada su hau tebur ɗaya, a duba cewa ya zauna daidai bai jirkice ba, janareta kuma a kai shi can bayan gida inda rawarsa ba za ta biyo daɓe ta iso ɗaki ba.