Rajistar Zaɓe: Matakin Farko Kafin A Kaɗa Ƙuri'a

Mu ma'aikatan lafiya mun saba jin koken jama'a a bakin ɗakin shan magani: babu magani, babu ma'aikaci da dare, firjin ajiye allurar rigakafi ya daina sanyi saboda rashin wuta, motar ɗaukar marasa lafiya kuma babu mai. Duk waɗannan koke-koke gaskiya ne, sai dai ma'aikacin da ke tsaye a gabanku ba shi da ta cewa a kan nawa za a kashe wa lafiya. Masu tsara kasafin kuɗi da amincewa da shi da sa ido a kan yadda ake kashe shi mutane ne da ƙuri'a ta ɗora a kan kujerunsu, tun daga kansila har zuwa shugaban ƙasa. A shekarar 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, amma ƙasashen da suka cika wannan alkawari ba su taka kara sun karya ba. A ganina, shugaba ba zai ji nauyin irin wannan alkawari ba sai ya tabbata waɗanda ya yi wa shi suna riƙe da katin zaɓe, kuma za su fito su yi amfani da shi.

Akwai masu cewa, "Ƙuri'ata ɗaya me za ta canza?" A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000, ƙuri'u 537 kacal a jihar Florida suka raba gardama tsakanin George Bush da Al Gore. A Ghana, a zagaye na biyu na zaɓen 2008, John Atta Mills ya yi nasara da ratar ƙuri'u kimanin dubu 40 daga cikin wajen miliyan 9 da aka kaɗa. A Gambiya kuwa, ƙuri'a ce ta kawo ƙarshen mulkin Yahya Jammeh na shekara 22 a zaɓen 2016. A ƙananan zaɓuka, irin na kansila da ɗan majalisar jiha, ratar takan fi haka ƙanƙanta, alhali su ne suka fi kusa da rijiyar burtsatse da asibitin unguwa. Shi kuma wanda ya zauna a gida, zamansa bai hana a yi zaɓe ba, ya dai bar wa wasu su yanke masa hukunci. A Najeriya, mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista a zaɓen 2023, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa suna rasa ƙuri'arsu ne tun watanni kafin ranar zaɓe, saboda ba su yi rajista ba, ko kuma sun yi sun bar ta rabi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: mutum ya kasance ɗan ƙasa, ya cika shekarun da doka ta ƙayyade, yana kuma zaune a mazaɓar da yake son yin zaɓe. Shekara 18 ce ƙa'ida a yawancin ƙasashe, ko da yake a Brazil da Ostiriya ɗan shekara 16 ma yana da damar zaɓe. Hukumar zaɓe ce ke kula da aikin, kamar INEC a Najeriya, kuma wurinta ya kamata ku nemi ranaku da wuraren rajista, maimakon dogaro da jita-jitar da ake yaɗawa a WhatsApp.

Idan za ku tafi, ku riƙe takardar da za ta tabbatar da shekarunku da zamanku 'yan ƙasa, kamar takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa ko fasfo. A inda ake amfani da na'ura, jami'i zai rubuta bayananku, ya ɗauki hotonku da zanen yatsunku, sannan ya ba ku 'yar takardar shaida. Wasu ƙasashen suna bari a fara cike fom ta intanet, amma inda ake buƙatar zanen yatsu dole mutum ya je da kansa ya kammala. Manoma da maƙera da tsofaffi sukan sha wahala a nan, domin aiki ya goge musu zanen, sai ka ga jami'i yana ta danna babban yatsa a kan gilashin na'ura tana ƙin karɓa. Kada wannan ya sa ku yi fushi ku tafi. Ku goge hannu, ku bari a gwada sauran yatsun. Kafin ku tashi daga gaban teburin, ku sa a karanta muku sunanku da ranar haihuwarku, domin kuskuren harafi ɗaya yana iya zama rigima a rumfar zaɓe. Rajista kyauta ce, duk wanda ya nemi kuɗi a kanta a kai ƙararsa ga hukuma.

Bayan haka hukuma takan liƙa jerin sunaye na wasu 'yan kwanaki domin jama'a su duba. Wannan matakin shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a nan ne ake gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, a kuma nuna sunayen mamata domin a cire. Ku je ku bi jerin da yatsa har ku ga naku. Wanda ya sauya wurin zama ya nemi a mayar da rajistarsa sabuwar mazaɓa, wanda katinsa ya ɓata ya nemi a sake masa. Kada ɗayansu ya sake sabuwar rajista, domin yin ta sau biyu laifi ne. A 2022 hukumar INEC ta soke sababbin rajista sama da miliyan 2.7, galibi saboda maimaitawa.

Ku tuna kuma cewa ana rufe rajista tun da sauran lokaci, a Najeriya dokar zaɓe ta 2022 ta ce aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma a makon ƙarshe ne layi yake fin tsawo. Mata masu juna biyu da masu shayarwa da tsofaffi da masu buƙata ta musamman su je da wuri, a samu wanda zai raka su, su kuma nemi jami'ai su sa su gaba. Idan katin ya fito, ku karɓe shi da hannunku, ku adana shi yadda uwa take adana katin rigakafin ɗanta. Kada ku ba kowa ajiyarsa, kada kuma ku bari wani ya kwafi lambarsa da sunan zai sa ku cikin jerin masu samun tallafi.